Gishirin jinin Inna: daga 114 zuwa 159 cikin wata huɗu

Inna kakata ce ta wajen uba. A lissafin su Baffa ta kai shekara 78, duk da dai ba wanda ya taɓa ganin takardar haihuwarta. Da damina ɓarin jikinta na hagu ya shanye, dama ta daɗe da hawan jini, irin mutanen nan ne masu shan magani yau su ajiye gobe in sun ji sauƙi. Tun daga nan ta koma kwance, sai an tayar sai an kwantar, famfas ake sa mata, amma bakinta garau yake hankalinta ma haka, in na shiga ɗakin abin da take fara cewa shi ne "ga kishiya ta zo duba ko na mutu ta gaji ɗaki". Ni nas ce, a wani gari nake aiki, sai ƙarshen sati nake zuwa gida. Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ita ke jinyarta dare da rana, matar Baffa na kama mata. Zan ba da labarin yadda ya faru ne har da wurin da ni kaina na yi sakaci, don akwai shi, har wuri biyu ma.

A watan Nuwamba aka kai ta ganin likita aka samu jinin ya hau 170 bisa 100, sai aka ƙara mata wani magani a kan amlodifin ɗin da take sha, ɗan ƙaramin ƙwaya mai sa fitsari, wanda a kati za ka ga an rubuta HCTZ, miligiram 25 kullum da safe. Dangin tayazaid ne, tsohon magani ne mai araha kuma yana aiki sosai, ba wanda zai ce likitan ya yi kuskuren rubuta shi. Aka kuma ce a rage mata gishiri. To Gwaggo mace ce mai bin umarni fiye da yadda aka ba ta, "a rage" ɗin nan kafin su iso gida ya koma "a daina". Aka ware wa Inna tukunyarta daban, ba gishiri ba magi ba daddawa. Ita kuwa dama haƙoran sun zube, nama ba ya tauno, tuwo da miyar lami ta ce ba za ta ci ba, sai abincin ya koma koko da safe, shayi da ɗan biredi, kunu da rana, kunu da dare. Ga kuma ruwa. Wata maƙwabciya ta ce ruwa yana wanke jini yana saukar da shi, sai Gwaggo ta ɗauki aniyar ɗura mata, fiya wata shida a rana wani lokacin bakwai, kowace leda rabin lita ce, ga rubutu da ake kawowa a jarka safe da yamma. Ba ni da ja da rubutu, amma shi ma ruwa ne, in ya shiga ciki ƙoda ba ta ware shi daban.

Sati biyu da fara maganin ta fara cewa kanta na ciwo, zuciyarta na tashi. Sai barci, barci kamar wadda aka ba wani abu, a tashe ta ta buɗe ido ta koma. Daga nan ta fara kiran sunan yayarta da ta rasu tun ban yi wayo ba, tana cewa a shimfiɗa mata tabarma ga ta nan a bakin ƙofa. Gida ya rabu, masu cewa gigin tsufa ne, masu cewa iska ce, Baffa kuwa ya kira Babanmu ya ce a fara sanar da dangi don alamar tafiya ce. Gwaggo ta kira ni ranar Talata ta zayyana min komai, ni kuma da bakina na ce "Gwaggo ƙila maleriya ce, a yi mata gwaji, ina nan tafe Juma'a". Ban tambayi ko an canza mata magani ba. Wannan tambayar ita ce ta farko da nake wa 'yan jinya a wurin aiki, amma da abin ya zo kan tawa sai ta ɓace min.

Ba a yi gwajin ba. Wani mai kemis aka kira gida, ya yi mata allurar maleriya, ya ce jikinta ba ƙarfi don ba ta cin abinci, ya ɗaura mata ƙarin ruwa mai sukari leda biyu, lita ɗaya kenan. Ruwan nan da muke kira destiros kashi 5 ba ɗigon gishiri a cikinsa, jiki na ƙona sukarin sai ya zama kamar ka zuba ruwa zalla a jijiya. Daren Alhamis wajen ƙarfe 11 ta yi amai, sai jijjiga, idanu suka kakkafe, kumfa a baki. Ina hanya aka wuce da ita emajansi, can na same su.

Likitan da ke aikin dare matashi ne, Allah Ya saka masa. Kowa a wajen, har da ni, tunaninmu shanyewar ce ta sake bugowa. Shi kuwa bayan ya soki yatsarta ya ga sukari 6.4 lafiya lau, sai ya ce "Sista, a kawo min duk magungunan da take sha, ba katin ba, ledar nake so". Gwaggo ta zazzage leda a kan tebur, ya ɗaga sacet ɗin HCTZ ya ce yaushe aka fara wannan, aka ce yau kwana 19. Bai ƙara magana ba ya ja jini ya ce in kai lab da kaina in tsaya a kansu. Da sakamakon ya fito sodiyam 114, fotashiyam, wani sinadarin jini, shi ma ya faɗi zuwa 2.9, ƙoda kuma lafiyarta ƙalau. Wallahi sai da na sake duba sunan da ke kan takardar.

Bari in ɗan tsaya a nan don wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya gane me 114 ke nufi. Sodiyam shi ne babban sinadarin da ke cikin gishirin girki, kuma a jinin mai lafiya yana tsayawa ne tsakanin 135 da 145 milimol a kowace lita, jiki ba ya wasa da wannan iyakar. Ƙasa da 135 an ce ya faɗi, ƙasa da 125 faɗuwar ta yi tsanani. Abin da mutane ba su cika ganewa ba, kuma shi ya jawo mana masifa ta biyu daga baya, shi ne lambar nan ba yawan gishirin da ke jiki take faɗa ba, tana faɗin yadda gishirin yake ne idan aka gwada shi da ruwan da yake ciki. Kamar miya ce. Ki sa gishiri daidai, wani ya zo ya tuttula ruwa moɗa uku, miya ta zama lami alhali ba wanda ya ɗebe gishirin. In kuma aka manta da ita a kan wuta ta ƙafe, sai gishiri ya yi zau alhali ba wanda ya ƙara. Mafi yawan rikicin sodiyam a tsofaffi rikicin ruwa ne.

To idan jini ya tsinke haka, ruwa yana bin inda ya fi kauri, sai ya riƙa shiga cikin ƙwayoyin jiki suna kumbura. Tsoka ta kumbura ba komai, akwai fili. Ƙwaƙwalwa ce ba ta da wurin zuwa don ƙoƙon kai ya rufe ta, daga nan ciwon kai, tashin zuciya, barci, sambatu, jijjiga, in abin ya ci gaba numfashi ya tsaya.

Kan Inna abu uku ne suka haɗu, in ka cire ɗaya ƙila da ba a kai nan ba. Tayazaid yana aiki ne daidai wurin da ƙoda ke tsinka fitsari, wato inda take riƙe gishiri ta saki ruwa, sai ya hana ta, gishiri na fita ruwa na zama. An san ya fi yi wa tsofaffi haka, musamman mata, musamman marasa jiki, kuma yawanci a makonnin farko na fara shi, Inna kuwa kilo 46 ce. Na biyu abincin. Ƙoda ba ta iya fitar da ruwa shi kaɗai, sai da abin da zai raka shi, gishiri da kuma yuriya da ke fitowa daga nama, ƙwai, wake, madara. Wanda ke rayuwa a kan koko da shayi ba shi da wannan ɗan rakiyar, ruwan da zai iya fitarwa a rana kaɗan ne, ko a littattafan likitanci na Turai akwai wannan matsalar ta tsofaffin da ke zaune su kaɗai suna shan shayi da gasasshen biredi. Na uku sai ruwan da ake ɗura mata, lita uku zuwa huɗu, ledojin mai kemis kuma suka zo suka ƙarasa.

Maganin gaggawa idan mutum na jijjiga shi ne ruwan gishiri mai kauri, kashi 3, wanda ke da sodiyam 513 a lita, na yau da kullum da kowa ya sani 154 ne. Ƙa'idar da likitocin Turai suka fitar a 2014 ta ce a ba da mil 150 cikin minti 20, a sake gwaji, a maimaita har sodiyam ya ɗaga da kamar 5. A daren nan babu shi a famasi, Baffa ya zaga shaguna uku a waje babu. Sai likitan ya ɗauko sodiyam baikabonet kashi 8.4, kwalbar mil 50 tana ɗauke da sodiyam milimol 50, kusan daidai da abin da ke cikin mil 100 na wancan, ya ba ta a hankali ta jijiya, ya jira, ya ƙara ɗaya. Jijjigar ta tsaya. Da asuba sodiyam 118, tana buɗe ido in an kira ta. Aka sa robar fitsari, aka dakatar da HCTZ, aka fara mayar mata da fotashiyam a cikin ruwan gishiri na yau da kullum. Hoton ƙwaƙwalwa da aka yi da safe bai nuna komai ba sai tabon tsohuwar shanyewar.

Daga nan ne rigima ta tashi da Baffa. Shi a ganinsa tunda an gano ciwo kuma maganin gishiri ne, me ake jira, a ɗura mata ta koma 140 a sallame mu. Babbar likitar da ta zo zagaye da safe ta zaunar da shi ta ce "Alhaji, yau ba na so ta wuce 122, ko da kuwa ina da ikon kai ta 140 kafin azahar". Dalilin kuwa shi ne ƙwaƙwalwa tana da dabara, idan sodiyam ya yi ƙasa fiye da awa 48 sai ƙwayoyinta su fara zubar da nasu sinadaran don su rage kumburi, su saba da sabon yanayin. In ka zo ka cika jini da gishiri farat ɗaya, ruwa zai fice daga cikinsu da ƙarfi su motse, rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi ta lalace, musamman a gindin ƙwaƙwalwa. Tun 1959 wasu likitoci a Amurka, Adams da Victor da Mancall, suka bayyana wannan lalacewar, daga baya aka gane saurin gyara sodiyam na jawo ta. Muguntar abin ita ce ba a ranar take nunawa ba, mara lafiya zai farfaɗo a yi ta murna, bayan kwana 2 zuwa 6 sai magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, gaɓoɓi su mutu, wani ya zama yana ji yana gani amma ido kawai yake iya motsawa. Shi ya sa ba a so a wuce 10 a awa 24 na farko, ga wanda ke cikin haɗari kuma 8. Inna na cikin masu haɗarin, ga rama ga ƙarancin fotashiyam, kuma shi kansa fotashiyam ɗin da ake mayarwa yana ɗaga sodiyam, dole a sa shi a lissafi.

Kuma saura kaɗan abin ya kufce. Wajen la'asar na duba jakar fitsari na ga ta cika fal, fitsarin fari tas kamar ruwan famfo, na zubar na duba agogo, cikin awa ɗaya ta sake tara mil 350. Gwaggo har tana hamdala wai ciwo na fita. Ni kuwa gabana ya faɗi, don ma'anarsa maganin ya fara sakin ƙodar, jiki ya samu gishiri, yanzu tana watsar da ruwan da ta tara da gudu, sodiyam zai yi sama da kansa ko ba a ƙara mata komai ba. A ƙa'idar nan ta 2014 fitsarin da ya haura mil 100 a awa ma gargaɗi ne. Aka ja jini, 121, alhali awa 16 kacal aka yi. Nan take aka cire ruwan gishirin aka ɗaura mata, kun san me? Destiros kashi 5, ruwan nan dai na mai kemis. Gwaggo ta kalle ni ta ce "ke ba wannan ne kika ce ya kusa kashe ta ba?" Na ce shi ne Gwaggo, jiya guba ne yau magani. Da awa 24 ta cika tana 123, an ɗan gota abin da aka so da ɗaya, kwanakin da suka biyo baya ban yi barcin kirki ba, kullum sai na sa ta ta haɗiyi ruwa a gabana ta kira sunayen 'ya'yanta. Rana ta biyu 128, ta huɗu 133. A rana ta biyar ina gyara mata matashi ta ce "kishiya, ke ba ki da miji ne kika tare a nan?" Na fita baranda na yi kuka.

An duba sauran abubuwan da ke iya jawo haka kafin a ɗora wa maganin laifi. Hoton ƙirji ba nimoniya, gwajin maƙoƙo lafiya, ba ciwon zuciya ko hanta da ke tara ruwa. Akwai kuma wata matsala da likitoci ke kira SIADH, wadda Schwartz da Bartter da abokan aikinsu suka bayyana a 1957, inda jiki ke ta sakin sinadarin da ke hana fitar da ruwa ba gaira ba dalili, ciwon ƙwaƙwalwa ko na huhu ko wasu magunguna irin su kabamazafin da wasu magungunan damuwa na tayar da ita. Saboda zargin ko akwai hannunta, a kwanakin ƙarshe aka ce kar Inna ta wuce lita ɗaya na ruwa a rana. Aka sallame mu rana ta takwas tana 136, aka rubuta a kati kar a sake ba ta tayazaid.

Ga sakacina na biyu. Wancan "lita ɗaya" na ɗan lokaci ne, na asibiti, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce wa Gwaggo ya ƙare, ni ma ban faɗa ba, na ɗauka a bayyane yake. Abin da ta tafi da shi gida abu biyu ne, ruwa ya kusa kashe Inna, kuma gishirinta ya yi ƙasa. Sai ta juya akalar gaba ɗaya. Leda biyu a rana ba ƙari, miya da gishiri da magi har da ɗan ƙari "don ya hau", kunun kanwa ya dawo, kanwa kuwa ita ma sodiyam ce, in Inna ta yi ɗan laushi sai a kaɗa mata ruwan gishiri da sukari na sacet. Da sanyi abin bai nuna ba, gwajin da na sa aka yi a Janairu 141 ne, na saki jiki.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san Afrilu a ƙasar Hausa ya san me nake nufi, zafi ya haura digiri 40, ɗakin Inna rufin kwano ne ba silin, wuta kuwa sai a wuni biyu ba a gan ta ba. Mutumin da ke kwance a kan katifa mai leda yana zufa ta bayansa ba wanda ya gani. Tsufa kuma yana dakushe ƙishirwa, tsoho zai bushe bai ji yana son ruwa ba, ƙodarsa ma ba ta iya riƙe ruwa kamar ta yaro. Mai lafiya ko ya ƙoshi da gishiri da wuya sodiyam ɗinsa ya hau don zai tashi ya je randa, wanda ke kwance kuwa sai abin da aka miƙo masa. Daga baya matar Baffa ta gaya min wani abu da ya tsaya min a rai, wai ko leda biyun ma Inna ba ta shanyewa, tana kawar da kai, ta ce mata "'yar nan bar shi, kar in yi ta jiƙa muku shimfiɗa". Kunya ce. Matar da ta yi shekara sittin tana riƙe da gida yanzu surukarta ke canza mata famfas. Ga shi ta fara ƙwarewa in ta sha ruwa, sai su ma suka riƙa jin tsoron ba ta. A kan wannan duka sai zazzaɓi ya zo, ciwon sanyin mafitsara.

Alamomin fa? Barci, shiru, sambatu, ba ta gane mutane. Sak irin na Disamba. Gwaggo da ta ga haka ta ce gishirin ne ya sake faɗuwa, ta ƙara rage ruwa ta ƙara kaɗa na gishiri da sukari, kuma ban ga laifinta ba, ni ma da aka kira ni abin da ya fara zuwa raina kenan. Bambancin kawai wannan karon na ce kar a ba ta komai kar a kira kowa, a sa ta a mota. Harshenta ya bushe kamar fata, jini ya sauka 90 bisa 60, zuciya na gudu 112, zafin jiki 38.6, famfas ɗin tun safe a bushe. Sodiyam 159, yuriya da kiriyatinin duk sun hau, ƙodar ta fara jin jiki.

A nan ƙwaƙwalwa motsewa take yi, ruwa na fita daga ƙwayoyinta zuwa jinin da ya yi kauri. Likita ya yi lissafi a bayan kati ina kallo. Tsohuwa ana ɗaukar kusan kashi 45 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, kilo 44 ya ba da lita 20, a raba 159 da 140 a cire ɗaya a ninka da 20, ya fito lita 2.7. Fiya wata biyar da ɗoriya kenan jikinta ke bin bashi, ban da wanda za ta ci gaba da zubarwa a zufa da fitsari. Aka fara da ruwan gishiri na yau da kullum don jinin ya tashi tukuna, Baffa ya sake tayar da magana wai ya za a ƙara gishiri ga wadda gishiri ya yi wa yawa, aka nuna masa 154 bai kai 159 ba kuma ceton ƙoda ne a gaba. Da jini ya daidaita sai aka sa robar hanci ana ba ta ruwan sha zalla da sirinji, mil 200 duk awa uku, da destiros ta jijiya, da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Nan ma a hankali, ba a so ya sauka fiye da 10 zuwa 12 a rana don kar ƙwaƙwalwar ta koma kumbura. 151, 146, rana ta huɗu 142. Ta farfaɗo, amma gaskiya ba ta dawo yadda take ba, maganarta ta ragu, kuma a kwanciyar nan ta samo gyambo a ƙugu wanda sai da ya ci wata biyu ana wanki.

Abin da ya fi damuna in na zauna ina tuna abin shi ne sau biyu ana kallon fuska ɗaya, barci ɗaya, sambatu ɗaya, amma maganin na farko shi ne ajalin na biyu. Ba Gwaggo kaɗai ba, ba likitan da zai kalli tsoho kwance ya rantse maka sodiyam ɗinsa sama yake ko ƙasa sai an ja jini. Dabarun da aka koya mana a makaranta, ka ja fatar hannu ka ga ko za ta koma, ka duba baki, ka duba launin fitsari, ƙungiyar ESPEN ta masana abincin marasa lafiya a Turai ta faɗa a ƙa'idarta ta 2019 cewa kar a dogara da su a kan tsofaffi, fatar tsoho dama ba ta komawa, mai numfashi ta baki dama bakinsa a bushe yake. Ita ce kuma ta ce tsohuwa a ba ta aƙalla lita 1.6 na abin sha a rana, tsoho lita 2, sai in akwai ciwon zuciya ko na ƙoda da likita ya sa iyaka. Gwajin kuwa kuɗinsa bai kai na famfas ɗin sati ɗaya ba. Da an yi shi sati ɗaya ko biyu bayan fara HCTZ, yadda ya kamata a yi wa duk tsohon da aka ɗora a kansa, da an kama abin tun tana 128 tana zaginmu.

Ni ina ganin maganar "a rage gishiri" da muke jefa wa 'yan jinya a bakin ƙofa muna kiran na gaba ita ma tana bukatar gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar babba ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ba ta ce sifili ba. Kuma duk umarnin da aka ba mai jinya in ba a faɗa masa ranar da zai ƙare ba, to har abada ya ɗauka.

Yanzu a ɗakin Inna akwai gorar lita ɗaya da rabi da na zana wa layi uku da alƙalamin maka, na azahar, na la'asar, na isha, ana cika ta da asuba, komai za a ba ta daga ciki ake zubawa, rubutun ma a ciki ake lissafa shi, ranar da aka yi zafi sosai ko zazzaɓi a ƙara leda ɗaya ko biyu. Saboda ƙwarewa ana tayar da ita zaune sosai kafin a ba ta, da cokali, wani lokacin a ɗan kaurara ruwan da kamu don ya fi mata sauƙin haɗiya. Abinci daga tukunyar gida ake zuba mata, an dai rage magi wa kowa, ana dama mata ƙwai a kunu, da alala, da kindirmo. Akwai littafin makaranta mai shafi 40 a ƙarƙashin matashi inda matar Baffa ke rubuta famfas nawa aka canza da ko a jiƙe yake. Maganar kunya kuwa Babanmu ne ya shiga ya zauna a bakin gadon ya ce "Inna, famfas ni ke saya, in kin ƙi sha don ki tausaya min to ban yafe ba", ta yi dariya ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Gwajin da aka yi mata satin da ya wuce 138 ne. Kunun kanwa dai har yau muna kai ruwa rana da Gwaggo a kansa, ta ce Inna da shi ta tashi kuma shi kaɗai take shanyewa ba a yi faɗa ba, mun tsaya a kan sau ɗaya a sati, ranar Juma'a, duk da na san in na juya baya ana yin na Talata.